Zuciyar Mutum Birninsa

Idan na ce ni ɗan Daura ne, sai mai sauraro ya kama yi mini zancen rijiyar Kusugu da Bayajidda, har sai na tare shi na ce ba waccan ba. Tamu ƙarama ce, a ƙasar Karaye take, yamma da Kano, a yankin da ruwan madatsar Challawa ya shimfiɗu. A can, cikin wani ɗaki na bayan gidanmu da a da ake zuba harawa, akwai turken ƙarfe kafe a ƙasa. Wata goma sha ɗaya ɗan baffana, wanda nake kira Yaya, ya yi da mari a ƙafar hagu, ɗaure a jikin turken nan. Shekarata goma sha huɗu a lokacin, kuma ni ake ba kwanon tuwonsa in kai masa.

Yaya bai taɓa dukan kowa ba, ciwon nasa na shiru ne. Ya yi asara a fataucin hatsi, ya dawo gida ya daina zama a majalisa, ya daina cin abinci sai an matsa masa, daga baya ko sallama ba ya amsawa. Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce iska ce. Aka sha rubutu, aka yi hayaƙi, aka kira mai ruƙiyya. Ranar da masunta suka tsamo shi da asuba, ruwa ya kai masa ƙirji yana ƙara kutsawa, ranar Baffa ya aika aka kira maƙeri. Da hannunsa ya riƙe ƙafar ɗansa, hawaye na zuba a gemunsa, aka buga marin. Daga baya aka haɗa kuɗi aka kai shi wani asibiti a birni, aka ɗora shi a kan ƙwayoyi, sannu a hankali ya dawo cikin mutane.

Ina ajin ƙarshe a jami'a na ci karo da labarin wata hanyar jinya da ta mayar da ni ɗakin harawar nan. A 1985, a birnin Sheffield na Ingila, Anthony Barker da abokan aikinsa suka nuna cewa idan aka ɗora naɗin waya a saman kan mutum, aka sako wutar lantarki mai ƙarfi cikin wayar na ƙasa da ƙiftawar ido, ƙarfin maganaɗisun da ke tashi yana ratsa ƙoƙon kai, ba yanka ba huji, ya tayar da ƙwayoyin jijiyar da ke ƙarƙashinsa. Likitoci na taƙaita sunan wannan hanya da TMS. A 2008 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince a yi amfani da ita ga masu ciwon damuwa mai tsanani waɗanda ƙwayoyi suka kasa. Majinyaci na zama a kujera, idonsa biyu, a ɗora masa na'urar a gefen goshi na hagu, ya riƙa jin ƙwanƙwasa kamar tsuntsu na saran itace. Kwana biyar a mako, mako huɗu zuwa shida. Akwai kuma ƙanwarta mai araha, wadda masu bincike a Göttingen ta Jamus suka farfaɗo da ita a 2000: soso biyu jiƙe da ruwan gishiri a manna a kai, a ratsa su da wuta 'yar kaɗan da ƙaramin batir ma ke iya bayarwa. Duka biyun daban suke da jinyar girgizar lantarki da aka fara a Rum a 1938, wadda ake sa mutum barci a jawo masa jijjiga da gangan, kuma wadda har yau take ceton rayuka idan ciwo ya kai maƙura.

Wani ɗan ƙaramin bayani ne ya tsaya mini a rai. Kafin a fara jinyar, likita na neman gwargwadon ƙarfin da ya dace da kowane mutum. Sai ya ɗora na'urar a sashen ƙwaƙwalwar da ke sarrafa hannu, ya riƙa ƙara ƙarfi har babban yatsan majinyaci ya motsa. Yatsan na motsawa, mai yatsan yana kallo, bai yi niyya ba, bai kuma iya hanawa ba. Mu da aka rene mu a kan cewa niyya ce ke ba aiki ma'ana, wannan abu ne mai tayar da tsikar jiki. In ana iya motsa yatsa daga waje, me zai hana a motsa ra'ayi?

Tambayar ta ƙara nauyi da na fahimci inda binciken ya dosa. Masana sun lura cewa tasirin na'urar ya danganta da halin da ƙwaƙwalwa take ciki a lokacin da ake motsa ta, da abin da mutum yake tunani ko yake yi. Daga nan aka fara haɗa ta da jinyar zantawa, wato zaman da ƙwararre ke yi da majinyaci suna bin tunaninsa ɗaya bayan ɗaya, suna auna wanne ne gaskiya wanne ne ciwo ya ƙaga. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na ciwon waswasi, irin wanda ke sa mutum ya maimaita alwala har lokacin salla ya fita. A hanyar da Amurka ta amince da ita a 2018, kafin a kunna na'ura sai an tsokano wa majinyaci ainihin abin da ke tayar masa da waswasin, da magana ko da wani abu da yake ƙyama, domin sashen da ake son gyarawa ya kasance a farke. Fatan da ake yi, a taƙaice, shi ne na'ura ta tausasa, magana ta gyara. Majemi na jiƙa fata ta yi laushi, baduku ya yanka ya ɗinka.

Ya kamata in faɗi gaskiyar inda hujja ta tsaya, don na ga yadda ake zuzuta sabon abu a ƙasarmu. Wani rahoto daga Holan a 2018 ya bi majinyata 196 da aka yi wa maganaɗisu tare da zantawa a zama ɗaya, kusan kashi biyu cikin uku suka samu sauƙi sosai. Sai dai ba a ware wani rukuni na gwaji da za a kwatanta su da shi ba. Da Jamusawa suka yi gwaji mai tsauri, wanda aka buga a 2022, suka raba masu ciwon damuwa gida uku: masu zantawa kaɗai, masu zantawa da 'yar wutar soso ta gaske, da masu zantawa da na'urar bogi. Duka suka samu sauƙi, amma wutar ba ta ƙara komai a kan zantawar ba. Ga masu jin muryoyin da babu su kuwa, an gwada maganaɗisu tun ƙarshen shekarun 1990, sakamakon ya zo a gauraye. Saboda haka abin da nake tattaunawa bai zama tabbas ba tukuna. Amma tambayar ɗa'a gara a yi ta kafin kaya su iso kasuwa, kuma ita ce wannan: shin ya halatta a tausasa zuciyar mutum da na'ura domin magana ta shige ta?

Ƙin yarda na farko da na ji daga abokaina shi ne cewa wannan ƙasƙantar da ɗan Adam ne, an mai da shi rediyon da ake murɗa wa maɓalli. Baƙin ciki, in ji su, lamarin rai ne, maganinsa haƙuri da addu'a da nasiha. Wannan hujja ba ta daɗe a hannuna ba. Fiye da shekara dubu da suka wuce, Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rubuta littafinsa Masalihul Abdan wal Anfus a kan kiwon lafiyar jiki da ta rai tare. Ya bambanta baƙin cikin da aka san dalilinsa, kamar mutuwar masoyi ko asarar dukiya, da wanda ke sauko wa mutum ba sanadi, wanda ya danganta asalinsa ga jiki ya kuma ce a nemi maganinsa ta jiki. Malamin bai ga wani saɓani tsakanin imani da wannan ba. Mu ma a aikace ba mu gani. Uwa ba ta yi wa yaro nasiha yana jin yunwa, sai ya ci ya ƙoshi. Mai neman sulhu ba ya zuwa da tsakar rana mutane na fama da zafi, sai bayan la'asar an sha iska. Kullum muna bi ta jiki mu isa ga zuciya. Na'urar Barker ta fi kwanon fura ƙarfi da saiti, amma hanyar tsohuwa ce.

Ƙin yarda na biyu shi ne wanda ya hana ni barci, kuma harshenmu yana da sunansa: mallaka. Bahaushe ya san tsoron a yi wa mutum abin da zai sa ya riƙa cewa to ga duk abin da aka ce masa, yana tafiya yana murmushi amma linzaminsa na hannun wani. Abin da ya sa muke ƙyamar mallaka, ko da wanda aka mallake ya zama mai sauƙin kai da daɗin zama, shi ne an haura katangar hankalinsa ba a bi ta ƙofa ba. Ana cewa zuciyar mutum birninsa. Mai lallashi yana tsayawa a ƙofar birni ya yi sallama, ya kawo hujja, mai gari ya ga dama ya buɗe, ya ga dama ya ƙi. To idan wata na'ura ce ta zare sakatar, ashe wanda ya shiga baƙo ne ko mahari?

Na daɗe ina juya wannan kafin in gane cewa misalin ya ɓoye wani abu. Ya ɗauka cewa mai gari yana kan karagarsa lokacin da aka zo. A ɗakin harawa ba haka na gani ba. Birnin Yaya an riga an ci shi da yaƙi. Wata murya ce ke mulki a ciki, tana gaya masa shi nauyi ne a kan iyayensa, asarar da ya yi ba ta da gafara, ruwa ya fi masa. Duk nasihar da aka kawo, wannan murya ce ke karɓarta a ƙofa ta juya ta. An ce masa ka yi haƙuri, sai ya ji an ce ba shi da imani. An ce dubi mahaifiyarka, sai ya ji an tabbatar masa shi ne ke kashe ta. A irin wannan hali, barin ƙofa a rufe da sunan girmama 'yancinsa girmama wanda ya ƙwace garin ne. Kuma iyakar abin da aka sani, maganaɗisu ba ya dasa wani tunani a kai. Ba ya ɗauke da saƙo. Yana sauya saurin amsawar wani yanki na ƙwaƙwalwa ne na ɗan lokaci, kuma in an maimaita, sauyin kan daɗe.

Amma wannan amsa ita ce ta kai ni ga inda haɗarin yake zaune. In na'ura ba ta da saƙo, to saƙon duka yana bakin wanda ke zaune kusa da kujerar. Ruwan sama na jiƙa gona, bai san hatsi ba, bai san ƙuduji ba. Wa zai yi maganar, da wace manufa, kuma wa zai yanke cewa an warke? Tarihin wannan fanni bai ba da damar sakin jiki ba. A 1949 aka ba Egas Moniz kyautar Nobel saboda tiyatar yanke jijiyoyin gaban ƙwaƙwalwa, aka yi wa dubban mutane, aka kira ta nasara domin majinyata sun daina damun masu jinyarsu. Da yawansu sun daina damuwa da komai ne ma baki ɗaya. A gida kuma, a Satumbar 2019 'yan sanda suka buɗe wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum wajen 300, da yawansu da sarƙa a ƙafa, sannan a watan da ya biyo aka buɗe wani a Daurar Katsina. Iyaye ne suka kai da yawa daga cikinsu, da kuɗinsu, don a gyara musu tarbiyya. Ma'aunin gyaruwa a irin waɗannan wurare ɗaya ne: ya yi laushi, ya daina musu. Idan na'urar tausasawa ta faɗa hannun al'ummar da ke auna lafiya da laushi, ba na shakkar abin da za a nema da ita. Za a kawo budurwar da ta ƙi auren da aka zaɓa mata, da saurayin da ya cika tambaya.

Ma'aunin da na tsaya a kansa daga kakarmu na koye shi, wadda muke kira Iya, ko da yake ita ba ta san ta koyar ba. A watannin marin nan ita kaɗai ke shiga ɗakin ba da wata buƙata ba. Takan shimfiɗa tabarma ta zauna tana ɓarar gyaɗa, ta ba shi labarin wanda ya haihu da wanda ya mutu, wani lokaci ta tambaye shi abu ta yi shiru tana jira, ko da amsa ba za ta zo ba. Bayan an fara ƙwayoyin asibiti da 'yan makonni, wata rana na kai tuwo, Yaya ya ɗanɗana ya ture kwanon ya ce, "Wannan miya ba gishiri." Na fito a tsorace na faɗa. Iya ta saki guɗa. Wata da watanni yana ƙin abinci, amma ƙin na ciwo ne, ba dalili ba fuska. Ran nan kuwa mutum ne ya ƙi, ya kuma faɗi abin da ya sa. Bambancin magani da mallaka a wurina ke nan: mallaka na ƙwace wa mutum ikon cewa a'a, magani na mayar masa da shi, har ya iya juyowa ya yi amfani da shi a kan wanda ya yi masa maganin. Da Yaya ya ƙara samun ƙarfi, Baffa ya haɗa masa jari ya koma fatauci, ya ce ba ya so, su zai koya. Baffa ya firgita ya ce ciwon ne ya dawo, wa zai bar wanda aka tsamo daga ruwa ya koma bakin ruwa? Aka yi ta ja-in-ja kusan wata guda. Har yau ban iya cewa tsoron Baffa wauta ba ne.

A nan ne batun yarda ya zama ƙulli. Shari'a ta ɗauke wa wanda hankalinsa ya gushe nauyin hukunci, ta kuma ɗora kula da shi a kan waliyyinsa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, ta amince wa majinyaci da haƙƙoƙinsa ta kuma hana azabtar da shi, amma ita ma ta bar damar jinyar dole a wasu yanayi. Dole ta bari, domin akwai daren da a'ar mutum ba tasa ba ce. Da an bi a'ar Yaya a daren madatsa, da yau ba shi. Na kasa la'antar marin ranar farko. Abin da nake tuhuma shi ne sauran kwana ɗari uku da wani abu, lokacin da turke ya zama hutu ga gidan, aka daina tambayar ko yau ya dawo.

Ta wannan fuska jinyar maganaɗisu da zantawa tana da wata siffa da ta burge ni, ba don ƙarfinta ba. Da wuya a yi wa mutum ita da ƙarfin tsiya. Sai ya zo da ƙafarsa sau ashirin ko talatin, ya zauna bai kau da kai ba. Zantawa kuwa ba ta tilastuwa sam, ana iya ɗura wa mutum ƙwaya amma ba a iya ɗura masa hira. Kowace safiya ana sake neman yardarsa, ko an so ko ba a so. Wannan siffar ce kuma iyakarta, domin wanda ciwo ya kai shi inda Yaya ya kai ba zai iya zuwa ba, sai wata jinyar ta fara ɗago shi. Abin da nake ganin ya dace da mu shi ne a yi amfani da lokacin sauƙi: mutum yana cikin hayyacinsa ya faɗa a gaban shaidu wace jinya ya yarda a yi masa in ciwo ya dawo, wacce bai yarda ba, kuma wa ya wakilta ya yi magana da bakinsa. Mun saba da wasiyya a kan dukiya, ba baƙon abu ba ne mu yi ta a kan hankali.

Mai karatu na iya cewa duk wannan mafarki ne, tunda babu irin wannan na'ura a Karaye ko Rogo, kuma likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutum fiye da miliyan 200. A Kano kalmar Dawanau ma zolaya ce a bakin yara kafin ta zama sunan asibiti. Gaskiya ne. Amma sakamakon Jamus na 2022 yana da wata fuska da ta shafe mu: rabin da ya yi aikin a can shi ne rabin da ba ya buƙatar wutar lantarki. Kuma ba daga Turai za mu fara koyonsa ba. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, inda majinyaci ke zama a gidajen mutanen ƙauye tare da wani ɗan'uwansa, ya je asibiti da rana a yi masa jinyar zamani, har da ta lantarki, ya dawo ya kwana cikin jama'a, kuma Lambo ya jawo masu maganin gargajiya cikin aikin. A Zimbabuwe, Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar asibitocin unguwa suna sauraron masu damuwa bisa tsari, gwajin da aka buga a 2016 ya nuna abin yana aiki. Da na karanta wannan, Iya na tuna da tabarmarta. Ba ina cewa ɓarar gyaɗa ta isa ba ne, domin wata goma sha ɗaya tana yi bai tashi ba sai da ƙwaya ta zo. Ina cewa ne da ƙwayar ta buɗe ƙofa, an samu wadda ta daɗe a tsaye tana sallama, kuma ba ta zo karɓar komai ba.

A hutun sallar bara na sami Yaya a ƙofar gida yana ɗinkin koma. Yanzu 'ya'yansa biyu, yana shan maganinsa, wani lokacin damina takan yi masa nauyi. Na ba shi labarin na'urar tun daga yatsan da ke motsi har zuwa gwajin Jamus, sannan na tambaye shi, in da akwai ta a lokacin, zai yarda a ɗora masa? Ya daɗe bai ɗago ba.

"Tana da zafi?" ya ce.

Na ce ana cewa kamar ƙwanƙwasa ce, wasu kan yi ciwon kai, jijjiga kuma ba kasafai take faruwa ba.

"To ai ba ta kai mari ba." Ya ja zare ya ƙulle. "Amma wanda zai zauna yana yi mini maganar, ni zan zaɓe shi ko Baffa?"

Na ce a ganina shi ya kamata ya zaɓa.

"A ganinka," ya ce, ya yi 'yar dariya. Ya naɗe komar ya saɓa a kafaɗa, ya ce in gaya wa matarsa kada ta jira shi da abincin dare, kifi ya fi kamuwa bayan magariba.